Langar maƙwabciya ta fito a cikin kayan gadon Inna

Bakabiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da wata 'yar damuwa da nake so manya su sa mini baki. Waɗanda suka san ni sun ji rasuwar Innarmu bayan babbar sallah. Jiya muka buɗe ɗakinta a nan Birnin Kebbi don a haɗa kaya kafin malamai su zo rabon gado. Muna sauke jeren kwanuka daga saman kabet sai ga wata langa mai ruwan ƙwai da zanen fure, murfinta ya ɗan ɓantare a gefe. Da na juya gindinta sai na ga ɗigon koren fenti guda 3. To, kwanukan gidanmu duk jan fenti ne, layi ɗaya, Baba ne ma yake ja musu da tsinken tsintsiya duk sanda za a yi biki a shiya. Kore mai ɗigo 3 alamar gidan da ke bayan namu ce, gidan wani malamin makaranta mutumin Ƙauran Namoda. Matarsa Goggon Baya muke ce mata, har suka tashi ban san sunanta na yanka ba.

Sun tashi ne a 1991, da aka cire Kebbi daga jihar Sakkwato aka ce ma'aikata kowa ya koma inda ya fito. Ina aji 4 na firamare. Tun daga nan ban ƙara ganinsu ba. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, langar da ko 'yan gwangwan ba za su saya da daraja ba. Ni kuwa jiya kwana na yi ina juyi. A nemi masu ita a mayar, ko a bar ta a cikin kaya?

Ɗalibin Ilimi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Inna, ya sa ta huta. Yaya, maganar a fili take. Abin da ba na mamaci ba ne ba ya shiga gado, ko allura ce. Kafin a zo kan bashi da wasiyya da rabon magada, ana fara ware ajiyar mutane da aron da ba a mayar ba. Ki cire ta gefe. In an samu masu ita a ba su, in sun rasu a ba magadansu, in an nema iya nema ba a samu ba sai a yi sadaka da ita da niyyar ladan ya je musu. Ƙanƙantar abu ba ta sauke shi daga wuyan mutum.

Ɗan Ƙaura: Allah ya jiƙanta. Amma tsaya, wato Kabawa kun riƙe mana kwano fiye da shekara 30 kuna ta cin tuwon shinkafa a ciki? Sai an biya kuɗin haya.

Bakabiya: Ɗan Ƙaura ka rufa mini asiri. Wallahi langar nan kamar ba a taɓa ci a cikinta ba tun da aka ɗora ta. An naɗe ta da tsohon kallabi ma.

Tsohon Hedimasta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi mata rahama, 'yata. Kin taɓo mini wani tsohon miki. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka sanar da jihar Kebbi, muna zaune ƙofar gida da rediyo a tsakiyarmu. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, don kafin nan takarda ɗaya ta ƙarin girma sai ka yi ta zarya zuwa Sakkwato. Sai da aka fara rabon ma'aikata muka gane murnar tana da ƙaya. A makarantar da nake, abokan aikin da muka shekara 10 muna cin kwano ɗaya da su suka ɗaure kaya. Mutanen Gusau da Ƙaura da Mafara suka koma ƙarƙashin Sakkwato, ba su gama zama ba kuma a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara, suka sake ɗaure kaya zuwa Gusau. Don haka in malamin nan ma'aikacin gwamnati ne, ki fara nemansa a Gusau kafin Ƙaura.

A lokacin babu wayar hannu. In maƙwabcinka ya hau motar kaya ya ɗaga maka hannu, to sai dai wasiƙa, ko ka ji an gaishe ka a filin zaɓi sonka na Rima Rediyo. Da yawa ba faɗa ya raba mu ba, rashin adireshi ne kawai.

Maman 'Yan Biyu: Baba Hedimasta, a yi haƙuri, ni dai zan ɗan saɓa. Duk sanda aka ɗauko zancen da a zauren nan sai a mayar da shi aljanna. Ni na tashi a gidan haya a Sabon Garin Gusau, ɗaki 9 tsakar gida ɗaya, kuma na san abin da kwanon maƙwabta ya yi wa uwata. Ai ƙa'idar ita ce ba a mayar da kwano haka nan. An kawo miki shinkafa da kaza, ke kuwa tuwon dawa da miyar kuka za ki yi, ko daddawar kirki babu. Sai Mama ta riƙe kwanon mutane kwana 3, kwana 4, tana jiran ranar da Baba zai samo kuɗin nama. Ranar da aka samu, tsokar nan guda 2 da ke cikin tukunya su za a ɗora a kwanon maƙwabta, mu 'ya'yan gida mu ci da romo. Na tsani kwanon nan ina yarinya. Kuma matan gidan ba don Allah kaɗai suke buɗe murfi ba, dubawa suke su ga yau me aka iya a ɗakin wance, gobe a bakin rijiya ka ji labarin miyarki.

Ɗan Ƙaura: Maman 'Yan Biyu, ki kwantar da hankalinki, tsokar nan ba ta isa inda aka aike ta ba. Mu ne 'yan aike. Tsakanin ƙofar gidanmu da gidan liman akwai wani lungu mai bishiyar dalbejiya, nan nake tsayawa in rage wa kwano nauyi. In nama 3 ne ya koma 2, in gyara miyar da yatsa ta rufe gurbin. Shekara da shekaru ina wannan sana'a. Ranar da asirina ya tonu, matar liman ce ta haɗu da Innata a gidan suna ta ce mata, "Ke kuwa kullum nama bibbiyu, ko ranar sallah ba kya ƙarawa?" Innata ta ce bibbiyu kuma? Dukan da na sha a daren nan har maƙwabta suka shigo ceto, da suka ji laifin sai suka koma suka zauna.

Auta: Kawu Ɗan Ƙaura ashe tsohon ɗan fashi ne muke gaisarwa kullum da safe.

Ɗalibin Ilimi: Kawu, kai ma akwai bashin nama a wuyanka, sai ka nemi magadan liman.

Ɗan Ƙaura: Malam, ka bar tone-tone. Da langa aka fara, kar a ƙare a kaina.

Tsohon Hedimasta: Maman 'Yan Biyu, ban ƙi maganarki ba. Akwai gulma, akwai gasa, har da gori. Amma ki tambayi Mamanku, in tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, ranar da ta haihu wa ya dafa mata ruwan wanka na kwana 40? Wa ya daka kunun kanwa? Matan da suka leƙa miyarta su ne dai. Leƙen nan da kike ƙi, ta nan ake gane gidan da ba a ɗora tukunya ba. A shiyarmu in magariba ta yi ba a ga hayaƙi ya tashi daga wani gida ba, ba mai tambaya, sai dai ka ga kwanuka sun nufi can, a ce wai ɗanɗano ne. Kuma mu maza a zaure muke ci, kowa a fito da nasa a jera. Wanda ba a fito da komai daga gidansa ba ya wanke hannu ya zauna kamar kowa.

Maman 'Yan Biyu: Tana raye Baba, kuma in na faɗi haka a gabanta faɗa za ta yi mini, ita har gobe kewar gidan hayar nan take. Amma ni abin da na gani na faɗa. Mai ba da ɗanɗano yana jin daɗi, mai karɓa kullum shi ya san yadda ƙirjinsa yake.

Basarken Argungu: Gaskiya ta kowa na da ita. Mu nan Argungu abin da munka tashi munka iske, in masunci ya dawo daga ruwa ba ya shiga gida da kihi sai ya aje na maƙwabta, ko tarwaɗa guda ce a yanka ta. Lokacin bukin kamun kihi kuwa ba a maganar masauki. Tun 1934 da anka fara shi baƙi gidajen mutane su ka sauka. Mu ɗiyan gida a kore mu daga ɗaki mu kwana zaure, a ba wanda ba mu taɓa gani ba tabarmarmu. Akwai wani mutumin Yawuri da ya sauka gidanmu shekara guda don kawai ya ga an faɗa gulbin Matan Fada da homa da gora, daga nan duk shekara shina zuwa, har Baba ya ba shi ɗiyar ƙanensa. Da bukin ya tsaya bayan na 2009 sai 2020 anka sake yi, ya zo da jikoki, Baba kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Ya zauna bakin zaure ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Bakabiya, ki nemi matar nan. Ba don langa ba, ki gaya mata ƙawarta ta rasu, tana da haƙƙin ta sani.

Bakabiya: Wannan maganar ta shige ni, Yaya Basarke. Ban ma yi tunanin ta wannan fuskar ba. Goggon Baya ce ta yi mini kitson sallah tun ina 'yar mitsitsiya, don Inna hannunta zafi gare shi. Akwai wata ƙofa da aka huda a katangar da ke tsakaninmu, ko ƙyaure babu, buhu aka rataya. Ta nan ake miƙa garwashi da safe, ta nan ake aron turmi, ta nan nake gudu in na yi laifi. In na shige bayan Goggo to magana ta mutu, Inna sai dai ta tsaya daga bakin buhu tana cewa ki ci gaba da ɓata ta. Da suka tashi aka sa sabbin 'yan haya, wata 2 ba a yi ba Baba ya sa aka toshe ƙofar da bulo.

Mai Albasa Aliero: To ai kun ji inda zumunci ya mutu, ranar da aka toshe ƙofar. Yanzu kowa ya ja katanga ya kafa get ya sa waya mai ƙaya a sama. Ni a bara na faɗo daga kan buhunan albasa na karye a ƙafa, kun dai san garinmu da ɗori, nan gida aka ɗaure ni. Na yi kusan wata 2 a kwance. Mutanen Jega da na Maiyama da muke ciniki da su sun zo dubiya, amma wanda katangarmu ɗaya da shi a sabuwar unguwa sai da ya gan ni da sanda a masallaci ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"

'Yar Gusau: Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi, amma kai kana zuwa nasa gidan? Kar mu ɗora wa bulo laifi. Kuma ku da kuke cewa abin ya mutu, ku zo Gusau ku gani. Tun da matsalar 'yan bindiga ta koro mutane daga ƙauyuka, unguwarmu babu kangon da ba mutum a ciki. Wata tsohuwa daga wajen Maru ta sauka a kangon da ke jikin gidanmu da jikoki 5, ba ta zo da komai ba sai tukunya ɗaya da tabarma. Ba wanda ya kira taro, amma kowace rana akwai gidan da ke aika musu. Abin da ya ba ni kunya, duk kwanon da na aika ba ya dawowa haka nan. Ran nan zogale ta tsinko ta dafa, wata rana 'yar gyaɗa, wata rana hoce guda 2 da ban san inda ta samo dawar ba. Na ce Iya don Allah ki daina, ta ce in na hana ta to in daina aikowa. Don haka Maman 'Yan Biyu, na gane abin da kike nufi, amma ina ganin mayar da kwanon da ɗan wani abu shi ne yake sa mai karɓa ya iya ɗaga kai. Iya ba ta yarda ita almajira ce ba, maƙwabciya ce.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Wannan kuma ban taɓa kallonsa haka ba. Amma dai tsokar nan 2 har yau tana raina.

Auta: Ni fa a gidan da nake haya a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, in aka aiko da abinci daga wani ɗaki, wasu zubarwa suke a bola da dare. Wai tsoron sammu. Na taɓa ganin faten wake mai manja a kwata, na kusa kuka, ni da na kwana da garin kwaki.

Ɗalibin Ilimi: Subhanallah. Wannan zato ne da almubazzaranci a haɗe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri in ya dafa miya ya yawaita ruwanta ya kula da maƙwabtansa, yana cikin Muslim. Ku lura, ruwa aka ce a ƙara, ba a ce sai da nama ba. Mu ne muka mayar da abin gasa.

Ɗan Ƙaura: Ka ga da an bi wannan da ban shiga uku a lungun dalbejiya ba.

Direban Jega: Ni ban iya dogon rubutu ba. Lokacin da aka canza kuɗi a farkon 2023, kuɗina na banki amma gidana ba a ɗora tukunya ba kwana 2, mai kayan miya ya ce shi takarda yake so. Matar maƙwabcina mai sayar da ƙuli ita ta riƙe gidana da canjin ƙulinta har abin ya lafa. Mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi saboda rigimar kwata. Yanzu kwatar ni nake gyara ta, ba na jiran kowa. Hajiya Bakabiya, in an samu matar ki ba ni langar, ina lodin Gusau duk mako. Ta Sakkwato nake bi, Tureta, Talatar Mafara, Maru, Bunguɗu, kuma ba na tafiyar dare. Ba zan karɓi ko sisi ba.

'Yar Gusau: Bakabiya, turo mini abin da kika tuna ta akwatin sirri, kar ki sa sunan kowa a nan. Yayar mijina ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya, tsofaffin malaman da suka dawo daga Kebbi kusan duk ta san gidajensu.

Bakabiya: Na tura, 'yar'uwa. Allah ya bar zumunci.

Bakabiya: Jama'a, assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 6. Hannuna har rawa yake. An samu Goggon Baya. Tana Gusau a gidan babban ɗanta, Malam ya rasu da daɗewa, ita kuma idonta ya yi rauni amma kunne da baki ras. Da aka haɗa mu a waya na fara bayanin ko ni wace ce, ban kai ƙarshe ba ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Ta tambayi Inna. Na gaya mata. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sai na ji tana salati.

Da ta natsu na kawo zancen langa, ina ta ba da haƙuri a madadin Inna, wai mantuwa ce. Sai ta ce wace mantuwa? Ashe ranar da za su tashi ta yi dambu ta aiko a cikinta, Inna ta ce ba za ta mayar ba, in Goggo na son langarta ta dawo Birnin Kebbi ta karɓa da hannunta. Ita kuma Goggo ta shiga ɗakin Inna ta ɗauki wata tasa mai jan layi ta ce to ita ma ta riƙe wannan. Tasar na nan a ƙarƙashin gadonta, ta sa jikarta ta jawo ta ta ƙwanƙwasa mini ita a waya. Sun yi ta cewa bana za a zo, baɗi za a zo, har wasiƙa ta daina zuwa.

Tsohon Hedimasta: Allahu akbar. Na cire tabarau na goge ya fi sau 3.

Ɗalibin Ilimi: Allah ya jiƙan Inna da Malam. Sai dai Yaya, a gafarce ni, yanzu kuma tasar da ke Gusau ta shiga kayan gado, sai magada sun yafe.

Maman 'Yan Biyu: Kai Malam, ka bari mutane su gama kuka mana!

Bakabiya: Ya yi gaskiya ai. Na tara su na faɗa musu, kowa ya yafe, har yayan nawa mai zancen 'yan gwangwan, shi ne ma ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Amma Goggo ta ce kar a kuskura a aiko mata da langa a mota kamar saƙon kasuwa, in zo da ita da kaina ta shafa kaina ta ji ko har yanzu ina gudun kitso. Malam Direba, ka ga sai ka ɗauke mu ni da langar. Saura abu ɗaya, me zan zuba a ciki? Ba zan kai ta haka nan ba.

Basarken Argungu: Wanga ba abin tambaya ba ne. Busasshen kihi, ni za ni aiko miki da shi, na giwan ruwa.

Mai Albasa Aliero: Kifi a langa tun daga Kebbi har Gusau cikin zafin nan? A sa shinkafar gida 'yar fadama, ni kuma in ɗora rabin buhun albasa a but.

'Yar Gusau: Tsohuwa ce fa, haƙora sun tafi. Dambu ta zubo a ciki, a mayar mata da dambu, in kin iso gidana za mu turara shi da zafinsa mu kai.

Ɗan Ƙaura: Duk abin da za a zuba, in da nama a ciki ni na ɗauki nauyin rakiya.

Auta: Kawu, kai ko murfin ba za a ba ka ba.

Direban Jega: Asabar, ƙarfe 6 na safe a tasha, Hajiya. Gidan gaba naki ne. Kifin Basarke kuma a ɗaure shi da leda biyu, wancan karon sai da na wanke mota da omo sau 2.